Gwajin Auta a Jikin Biro

Injin lanƙwasa bai tashi lalacewa ba sai ranar da Auta ta fi bukatarsa. Ita ce ƙarama a ɗakin binciken kimiyyar da take aiki, kuma ta yi wata da watanni tana shafa wa leda ferobskayit, wani baƙin sinadari mai ƙwayoyi kamar na gishiri, wanda ke mayar da hasken rana wutar lantarki. Taushi gare shi, amma in an matsa masa sai ya tsage. Malam, shugaban ɗakin, ya riga ya faɗa: in ledarta ta jure lanƙwasa za ta ci gaba, in ta tsage a ajiye aikin.

"Yanzu ya zan yi?" ta ce, idonta ya ciko.

Dogo, abokin teburinta, ya zaro biro daga aljihu. "Ga inji, naɗe ledar a jikinsa. Amma da wannan karkarwar hannun naki, ƙanwata, ko ƙarfe ne sai ya tsage."

Dariya ta ƙwace mata, hannun kuwa ya nutsu. Ta naɗe ledar, ta warware, ta sake naɗewa, har yatsunta suka gaji. Sannan ta shimfiɗa ta ƙarƙashin fitila, ta jona wayoyinta da mitar auna wuta. Allurar mita ta yi jim kamar mai shawara, sai ta haura daidai inda take kaiwa a da.

Malam ya leƙo ta saman tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Gobe ki shafa wasu, 'yata."

Ta ce to cikin ladabi. Sai da ta fita baranda ta daka tsalle.