Cuku Don Wanda Ban Sani Ba

Amastan ya dire wayarsa a kan teburina kamar ya kamo ɓarawo.

"Zinatu, taswirarki ta gudu. Ina tsakiyar hamada, na duba, fari fat."

Direba ne, yana kai wa masu haƙar zinariya ruwa da abinci a Cibarakatan. Ni kuwa ni ce na haɗa wa direbobin Arlit manhajar da ke nuna hanya da rijiyoyi ko babu rezo, wato sabis ɗin waya. Ran nan sawun wata mota ya fisshe shi. Jibi zai koma, kuma yayana Nomau na cikin fasinjansa. Nan take na hau bincike.

A ordinatata, wato kwamfutata, komai lafiya lau. Amma wayar Amastan ta tsufa, ga ta cike da kiɗan gita. Sai na zargi abu guda. A cikin kod, wato rubutun da ke tafiyar da manhaja, riƙo iri biyu ne, mai ƙarfi da na sako-sako. Abin da aka riƙe sako-sako, waya na jin matsi za ta share shi, ba sallama. To wanne ne wanne? Kod ɗin ya yi yawa, na duba har idona ya yi ja.

Washegari na ci karo da wata 'yar bibliyotek a intanet, wato guntun kod da wani bawan Allah ya rubuta ya saki kyauta. Ba ta cika shafi ba. Aikinta ɗaya tak: ka miƙa mata abu, ta faɗa maka ko riƙonsa sako-sako ne. Na bi kayan manhajar da ita, sai ga taswira a sahun 'yan sako-sako. Na ɗaure ta tamau. Na kunna kiɗa da bidiyo har wayar Amastan ta yi zafi, taswira ko gezau.

Suka je, suka dawo lafiya. Da na hango Nomau yana saukowa, sai da na yi hawaye.

Amastan, da na riga na ba shi labarin bibliyotek ɗin, ya zo da cuku ƙulli biyu. "Wannan naki, wannan na malamin da ya taimake ki. Ina gidansa?"

"Wallahi ko ƙasarsa ban sani ba."

Ya ce, "Kamar mai haƙa rijiya a hanya ke nan. Ya wuce, mu muna sha."

Ranar Juma'a muka kai ƙullin malamin nan masallacin tasha, sadaka. Liman ya tambayi sunan wanda za a yi wa addu'a.

"Yi kawai, Malam," in ji Amastan. "Allah ya san shi."