Herminia a Ƙafar Hagu

A watan Janairu matata Herminia ta yi mana rajistar gasannin lokacin zafi, ni da ita, duka biyar ɗin, a garuruwan bakin teku: Progreso, Chelem, Telchac, Celestún, a rufe da Sisal. A watan Maris muka binne ta. Ƙungiyar da ke shirya gasar ta aiko furanni, da sunan shugabanta Lauya Rejón a jikin ƙyallen da aka ɗaure su da shi, harufansa sun fi na mamaciyar girma. Bayan sati uku ƙungiyar nan dai ta aiko jakunkuna biyu, tawa da tata. A cikin kowacce akwai lamba, da hular iyo, da 'yar na'urar da ake ɗaurawa a idon sawu, wadda ke ɗaukar lokacin mutum duk sa'ad da ya taka shimfiɗar roba.

Gasar gajera ce, in ji masu ƙuruciya. Iyo mita ɗari bakwai da hamsin, keke kilomita ashirin, gudu kilomita biyar. Wanda ya kammala biyar ɗin a shekara guda ana ba shi farantin tagulla da sunansa. Shekara tara Herminia tana bin farantin nan. Wata shekara gwiwa ta hana, wata shekara jinyar uwarta, wata shekara 'yarmu ta zaɓi ranar Telchac ta haihu. Har ƙusa ta kafa masa a bangon kicin. Ƙusar tana nan.

Ranar Progreso na ɗaura na'urata a ƙafar dama, na ɗaura tata a hagu. Shekara talatin da huɗu ina koyar da adabi, na karanta labaran ha'inci iri-iri, ban taɓa cin karo da mai sauƙin wannan ba. Ba wanda ke kallon ƙafar tsoho. Duk wanda ya haura hamsin, mace ko namiji, tare ake kora mu cikin ruwa a ƙarshe, bayan masu kyan gani sun tafi da masu ɗaukar hoto. Da aka liƙa sakamako, ga ni na bakwai cikin maza tara, ga Herminia Pech ta ɗaya cikin matan da suka haura sittin. Lokacinmu ɗaya, har daƙiƙa. Tsakanin takardun biyu bai kai kamu ɗaya ba.

Haka aka yi a Chelem, haka a Telchac, haka a Celestún. Wajen ba da kyauta a kira sunanta, a jira numfashi biyu, a wuce. Kafin a zo kan rukunin tsofaffi jama'a sun watse wajen masu ruwan kwakwa. Lokacin da take raye Herminia ba ta taɓa cin gasa huɗu a jere ba.

Abin da na ƙi tunawa shi ne akwai wadda ke zuwa ta biyu.

A Sisal, ina rataye kekena a jikin ƙarfe, gefen gurbin Herminia da ba kowa, sai na ji an tsaya a bayana. Doña Fidelia Cauich ce, gajeriyar mace mai shekara sittin da uku, wadda ke soya kifi a bakin wannan tekun. Shekara goma sha ɗaya suna kokawa da Herminia, yau wannan ta ci, gobe waccan. Ranar binnewa ita ta ja addu'a.

"Malam Evaristo, ina kwana. Ya jikin Herminia?"

Na ci gaba da gyara zaman kekena.

"Na ga mutuwa ta karɓe ta. Minti shida ta rage a keke."

"Doña Fidelia, bari in yi miki bayani..."

"Ajiye bayaninka, ni ba ɗalibarka ba ce. Tun Progreso na gani. Ƙafa biyu, na'ura biyu, kamar akuyar da aka yi wa talala sau biyu. Na san zancen farantin, na san zancen ƙusar, a gabana ta saye ta. Shi ya sa sau huɗu na hau na karɓi na biyu na rufe bakina."

"Na gode."

"Kada ka gode. Nan garina ne. Ka ga waccan rumfar? Jikokina shida ne a ciki, sun rubuta sunana a kwali. Yau ba zan zo bayan gawa ba. In ta riga ni, wajen alƙalin gasa zan tafi, a soke ku duka biyu, har farantin."

"To ai da sauƙi. Sai in rage gudu."

Ta matso har na ji ƙamshin man da ta shafa don rana.

"Ka rage gudu in gani. Herminia ko da zazzaɓi ba ta taɓa bar mini hanya ba. In ka sa ta yi mini sadaka a gaban jikokina, nan ma wajen alƙali zan tafi."

"In na ci ki kai ƙara, in na bari ki kai ƙara. To yaya kike so in yi?"

"Kai ne mai karatu. Yi addu'a in fi ka."

Ƙarfe bakwai aka ce za a tashi. Aka jira wani babban baƙo da zai yi jawabi, ya iso takwas da rabi, ya yi magana a kan lafiyar jiki daga ƙarƙashin laima. Lokacin da aka busa mana usur, rana ta riga ta hau. Ruwan da ɗumi kamar romon da aka manta a kan murhu, ciyawar teku tana nannaɗe wa mutum wuya. Na fito, na waiga. Fidelia tana cikin ruwa tukuna.

Hanyar keke a miƙe take gefen fadamar gishiri, ba ko itace ɗaya. Kwalta tana mayar da zafi a fuska. A nan na yi lissafi, irin na tsohon malami: in sassauta kaɗan kaɗan yadda ba za ta gane ba, in sha ruwa sau uku maimakon ɗaya, in daɗe wajen ɗaure takalmi. Da na juyo a kilomita na goma muka yi gaba da gaba. Ta ɗaga yatsu biyu ta nuna idanunta, ta nuna ni. Lissafin ya rushe.

Zan faɗi abin da ya faru a gudu, ko da yake bai yi mini kyau ba. Teburin ruwa na farko babu ruwa, samari sun juye shi a kawunansu. Na wuce. A kilomita na biyu na ji takun Fidelia a bayana, gajere, mai sauri, kamar ana yanka albasa. Sai wani abu ya tashi a ƙirjina wanda ba shi da alaƙa da matata. Na ƙi yarda mai soya kifi ta wuce ni. Na manta farantin, na manta ƙusar, na manta wace ce a ƙafata ta hagu. Kilomita biyu cur na yi ina gudu da iyakar ƙarfina don in lalata abin da na kwashe wata huɗu ina ginawa. Shekara talatin da takwas Herminia tana faɗa mini haka nake. Ina musu.

Rana ce ta ceci Herminia daga hannuna. Saura mita ɗari uku, ina hango ƙofar gamawa, sharaɓata ta ɗaure kamar dutse, idona ya fara ganin baƙi-baƙi. Ina jan ƙafa, ina zagin ta. Fidelia ta iso kafaɗata, fuskarta ta yi fari fat da gishiri. Ba ta kalle ni ba. Ƙasa ta kalla, wajen idon sawuna.

"Matsa, Herminia," ta ce. Ta wuce.

Daƙiƙa arba'in ta ba mu. Jikokinta suka yi ta ihu suna kaɗa kwalin.

Wajen ba da kyauta Lauya Rejón da kansa ya riƙe makirfo, cikin farar riga da ba ta taɓa sanin gumi ba. Ya kira Fidelia, ya yi musabaha da ita, aka ɗauki hoto. Daga nan aka zo kan faranti. Na karɓi nawa. Da ya kira Herminia Pech na miƙa hannu kuma.

"A'a, Baba, doka ce," in ji shi, yana murmushi. "Mai shi ke karɓa da hannunsa. Wanda bai hau ba, ya haƙura sai baɗi. Ina uwargidan? Ko kunya take ji?"

Na tsaya da hannu a miƙe. Mutumin da ya aiko furanni yana leƙa bayana yana neman ta.

Sai na ji an zare hular kaina. Fidelia ce. Ta cire rigar gasarta ta sama, ta yafa tawul ɗina, ta kifa hulata har gira, ta hau matakalar da ta sauko minti biyar da suka wuce. Rejón ya kama hannunta da hannu biyu.

"Doña Herminia! Kullum ƙara yarinta kike yi. Mene ne sirrin?"

"Hutu," in ji ta.

Aka tafa. Aka ɗauki hoto.

A bayan rumfa ta miƙo mini farantin da hular.

"Sau biyu na hau, Malam. Mutum ɗaya ya gaishe ni sau biyu. Shekara goma sha ɗaya muna kashe kanmu a gabansu, ni da ita."

Ta durƙusa, ta kwance na'urar daga ƙafata ta hagu, ta share yashin da babban yatsa, ta sa a aljihunta.

"Baɗi kada ka zo da ita. Ka bar ta ta huta."

Da na isa gida na kai farantin kicin. Ba shi da huda a baya, irin na ajiyewa a kan tebur ne. Na jingina shi a ƙarƙashin ƙusar.