Enoch Tranter a Gaban Bangon Kwali

Ni Enoch Tranter yaƙi biyu na gani, ba wanda ya ga bayana. Bom ya faɗo wa gidanmu a Bermondsey, na fito daga ƙarƙashin tubali da lofena a baki. Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini. A mashayar unguwarmu kowa ya haddace maganata, cewa Enoch bai taɓa rusuna wa ɗan Adam ba. Da wannan maganar na mallaki kujerar gefen murhu, ko ba na nan ba mai zama a kanta.

Bara mutanen talabijin suka zo neman tsofaffi masu fuskar wahala. Wasa ne na mako-mako, wai wasu mutanen ƙarfe sun sauko daga duniyar wata sun mamaye London a zamanin Sarauniya Victoria. Na ce musu ni a zamanin aka haife ni, ba labari aka ba ni ba. Nan take suka ɗauke ni.

"Asabar mai zuwa ku buɗe ido," na ce a mashaya. "Za ku ga na fasa wa mutumin ƙarfe kai da shebur."

Wilf Oddie, tsohon ɗan dakon jirgin ruwa, wanda ya daɗe yana hararar kujerata, ya ce, "Kai da kofinka ma da hannu biyu kake ɗagawa? Tsoho, sai dai su su tsallakar da kai titi."

"Kai dai ka wanke fuska ka zo."

A ɗakin ɗaukar hoto titin duk kwali ne, hazon ma wani ke hura shi da inji. Mai shirya wasan, Mista Lascelles, ya dafa kafaɗata. "Kaka, in aka fara ɗauka ba tsayawa. Tef ɗin nan ba a yanka shi, ba a maimaitawa. Wani attajiri zai taho da gudu yana yi maka tsawa, ka ture shi, ka doki dodon ƙarfen da ke biye da shi. Ka iya?"

"Yaro, na doki waɗanda suka fi wannan."

Lokacin gwaji attajirin nan suwaita ce jikinsa, da kofin shayi a hannu, yana magana ƙasa-ƙasa. Da aka fara ɗauka sai ga wani mutum daban ya ɓullo daga hazo: doguwar hula, baƙar kwat, sarƙar agogo a ciki, sanda mai kan azurfa. Ya buga sandar a ƙasa. "Kauce, ɗan banza!"

To, a gidan gajiyayyu na tashi, inda ake zuba 'ya'yan da ba mai nema. Ba wanda na taɓa faɗa wa. Dokar gidan ita ce, in maigida zai wuce ka cire hula, ka juya fuska bango, hannu a baya, har takunsa ya ɓace.

Ban yanke shawarar komai ba. Na dai ji shebur ya faɗi. Hulata tana hannu, hancina na gogar bangon kwali. Ina jin warin fenti. Mutumin ƙarfen ya tsaya a bayana, daga cikin kayan yana raɗa, "Kaka, doke ni mana, zafi zai kashe ni." Ban iya juyowa ba sai da takun ya ɓace.

Lascelles ya sauko yana tafi. "Wannan ya fi abin da muka rubuta! A ina ka samo shi?"

Ni da ban taɓa roƙo ba, na riƙe hannun rigarsa na ce a sake. Ya yi dariya, ya ce ai ba mai taɓa wannan.

Ranar Asabar da yamma na je mashaya duk da haka, ina fatan hazon inji ya rufe ni a hoton. Ashe kusa suka ɗauko ni. Ƙeyata ta cika akwatin talabijin ɗin mashayar, kowace jijiya tana rawa.

Wilf ya miƙe, ya cire hula, ya manna fuska a bango. "Haka ne, yallaɓai Enoch? Ko in ƙara matsawa?"

Wasu suka yi dariya. Da a nan aka tsaya, da na rama, don baki ba a fi ni ba. Amma Misis Pargeter mai mashayar ta ce, "Wilf, zauna, ka ji kunya." Ta cika kofi ta kawo mini da kanta, ta shafa bayana kamar mai lallashin jinjiri. "Sha, bawan Allah. Kakata ma a gidan gajiyayyu ta tashi."

Duk suka sunkuyar da kai, ba mai son haɗa ido da ni.

Na ɗauki hulata na fita, ban taɓa kofin ba. Yanzu gada nake tsallakawa zuwa wata mashaya a wancan gefen kogi, inda ba su da talabijin. Tafiyar da nisa, amma ƙafafuna ko na saurayi albarka.