Sake Ni

Ciwon nan nawa likitoci suna ce masa MS. Wai garkuwar jikina ce ta rikice take cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi, shi ya sa saƙo yake tashi daga kaina ya ɓace a hanya kafin ya isa ƙafa. Ni dai abin da na sani, ƙafar hagu ta daina jin magana, ƙasa kuma tana karkata duk sanda ta ga dama.

Da Baban yara yana raye abin bai dame ni haka ba. Yana da wani tsohon tawul ruwan ƙasa, shi yake naɗa mini a ƙugu, ya tsaya a bayana ya riƙe bakinsa, mu taka daga ɗaki zuwa banɗaki, daga can zuwa kicin. Yakan ce ya bar tuƙin babbar mota ya koma tuƙin tsohuwar da ba birki. Ni kuma in ce direban ne lasisinsa ya mutu. Bara ya kwanta ciwon da bai ɗauki lokaci ba, ya tafi ya bar ni da tawul.

Bayansa na faɗi a falo, na sake faɗuwa a ƙofar banɗaki, duk ta baya. Babban ɗana ya zo da irin fuskar ubansa in ya yanke shawara, ya ce ko in tattara in koma gidansa, ko mai gashin ƙashi ta tabbatar masa zan iya yawo ni kaɗai a cikin gidana. Gidansa ba laifi, matarsa ma 'yar halak ce. Amma a nan kofin shayin Baban yara yake, a nan takalmansa suke bayan ƙofa. Na ce a kai ni gashin.

Ɗakin gashin yana da sandunan ƙarfe biyu da ake tafiya a tsakaninsu, da ƙaton madubi a ƙarshe, da wata katifar roba da ake tsayar da mutum a kai don ƙafa ta koyi neman ƙasa. Mai gashin sa'ar autata ce, siririya, ba ta san wasa ba. Ta ɗaura mini bel mai faɗi mai mariƙi a baya, ta tsaya daidai inda Baban yara yake tsayawa. Raina ya ɓaci.

Akwai abin da ɗana bai sani ba. Tun bayan rasuwar nakan ji an matse ni daga ƙugu zuwa ƙasan haƙarƙari, daidai inda tawul yake zama. Likita ya ce ciwon ne ke sa naman haƙarƙari ya ɗaure, masu irin cutar da yawa suna jin haka. Na yarda, ai ni ba jahila ba ce. Sai dai ban ga yadda jijiya za ta san ta ƙara riƙo daidai wurin da tayil ɗin kicin ya fashe ba. Abin yana ba ni tsoro, kuma ina jiransa kullum.

Yarinyar ce ta gano inda matsalar take. Ta juya ni gefe ta ce in kalli madubi.

"Mama, da baya kike jingina," in ji ta. "Kamar akwai wanda kike sa ran zai tare ki."

Na ce mata tsufa ne. Ba ta yi musu ba. Ta dai shiga koya mini kai nauyi gaba: in zan tashi daga kujera hanci ya wuce yatsun ƙafa, in zan taka in kalli gabana, diddige ya fara sauka. Na yi gumi, na zage ta a zuci, na kuma samu sauƙi. Saura abu ɗaya. Ƙa'idarta ita ce ba ta cire hannu a ɓoye, sai mutum ya ji ya tsaya da kyau ya ce mata "sake ni".

A nan na cije. A duk zaman aurenmu mun yi faɗa kamar kowa, na taɓa jifansa da ludayi ma, amma kalmar nan ba ta taɓa fita daga bakina ba. Har alfahari Baban yara yake yi da haka a gaban abokansa. Sai na riƙa ce wa yarinyar "bari", ko "cire hannunki". Tana cirewa kuwa. Amma ɗaya riƙon yana nan, sai in ji na koma na jingina da shi, ta yi wuf ta cafke ni kafin in kai ƙasa.

Ranar gwaji da hantsi ta zo gidan da kanta don ta ga hanyar da nake bi. Ɗana ya tsaya a ƙofar kicin ya harɗe hannu. Na ga har ya shigo da akwati ya ajiye bayan kujera, wai don kada in gani. Yarinyar ta ɗaura mini bel a bakin ɗaki. Nan take riƙon ya zo, da ɗuminsa, ya fi na kullum ƙarfi.

Ta ce a shirye take, ni take jira. Na kalli akwatin, na kalli takalman bayan ƙofa. Na san in na jingina yau, gobe ba a gidan nan zan kwana ba.

"Sake ni," na ce.

Hannu biyu na ji sun sake ni, na yarinyar da na ɗaya riƙon.

Na taka. Ƙafar hagu ta ja kaɗan, na ɗaga ta. Na wuce falo, na tsallake fasasshen tayil, na dafa kafaɗar ɗana. Ya yi ta hamdala, ya mayar da akwatinsa mota. Yarinyar ta ga hawayena ta ce kowa haka yake yi ranar farko.

Tun daga ranar matsewar ba ta dawo ba. Likita ya ce dama haka take, tana zuwa tana tafiya, in gode wa Allah. Na gode. Ina gidana, ina dafa shayina da kaina, ban sake faɗuwa ba. Amma in na zo wurin tayil ɗin nan nakan tsaya in ɗan saki jikina baya kaɗan, in ce wa Baban yara ai da yarinyar nake, ba da shi ba. Ba kowa a bayana.