Na Ji Nauyin Tambayar Malama

Ranar Laraba bayan azahar na kishingiɗa a ofishinmu na gidan rediyo, barci ya sace ni da takardun wasan kwaikwayona a ƙirji. Jumma'a za a fara sa shi, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Labarin daga littafin Malama Tasallah na ɗebo shi, tsohuwar malamarmu ta firamare, wadda ta rubuta rayuwar marigayiya mahaifiyarta, mace mai haƙuri. Na sauya sunaye da gari, uwar kuma na mai da ita maciya amana don wasan ya yi armashi. Wai ni ga mai dabara.

Cikin mafarki sai ga ni a ƙofar wani birni, wani dattijo mai ɗinkin littattafai ya kama hannuna ya ce, "Biyo ni, Sha'aibu."

Muka iske mutane suna kankare sunaye daga bangon littattafai da farcensu, yatsu duk jini, suna gamawa sunan ya dawo. Gaba kaɗan ga manya bisa kujeru masu juyawa, hatimi manne a tafin hannunsu, duk abin da suka taɓa, har tuwon gabansu, sai ya zama takarda.

Na ce, "Baba, waɗannan fa?"

Ya ce, "Na farko sun ɗauki aikin wasu sun sa sunansu. Na biyu shugabanni ne, aka kawo musu kayan sata suka sa hannu, ba su tambayi mai shi ba."

Can a inuwa na hango wasu suna hira cikin natsuwa. Dattijon ya ce, "Su ma sun yi rubutu a kan uwa mai haƙuri. Wannan ba mallakin kowa ba ne, kowa na iya gina nasa. Abin da aka hana shi ne ka ɗauki ginin wani ɗaki bayan ɗaki, ka sake masa fenti. Wasunsu ma aikin wasu suka juya, amma da yardar masu shi."

Na yi wuf na ce, "Ai ni ma na je. Na gaishe da Malama, na ce ina shirya wasa, ta ce Allah ya sa albarka."

"Ka faɗa mata littafinta ne?"

"Na ji nauyinta, Baba."

"Nauyin tambaya ka ji, ba ka ji nauyin ɗauka ba. Addu'a ta yi maka, ba izini ta ba ka ba."

Ya ja ni tsakiyar kasuwa. Wata tsohuwa na tsaye, jama'a na nuna ta suna jifanta da maganganun da na rubuta da hannuna. Ba sai an faɗa mini ko wace ce ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ina kwance cikin kabarina, me na yi maka?" Kunya ta rufe ni.

Na farka jiƙe da gumi, ana kiran la'asar. Na shiga wurin manaja na ce a dakatar da wasan, ko da aikina zai tafi. Daga masallaci na zarce gidan Malama.

Tana ganina ta washe baki. "Sha'aibu ɗan albarka! Na faɗa wa ƙannena duka, ranar Jumma'a a nan za mu taru mu ji wasanka."

Na durƙusa, na ajiye takardun a gabanta, na ce, "Malama, ki fara karantawa tukuna. Naki ne, kuma na ɓata shi."