Ranar da Orrin Ya Faɗi

"Wuta!" in ji kwamandanmu, muka saki albarushi gaba ɗaya. Hayaƙi bai gama washewa ba na hango Orrin a ƙasa.

Fili ya kaure da shewa. Duk shekara muna taruwa a bakin tafkin garinmu mu maimaita yaƙin da Ingilishi da Faransawa suka gwabza a nan tun kafin a kafa Amurka. Bindigogin toka ne, babu harsashi, kuma ƙa'ida ce in an harbe ka ka kwanta. Maƙwabcina Orrin Vandermark bai taɓa kwanciya ba. Shekara da shekaru yana tsaye ƙiƙam cikin jar rigarsa ta ulu irin ta sojan Ingilishi, wai kakan kakansa da ƙafarsa ya fita daga yaƙin nan, ba shi zai kashe shi ba.

"Yau dai mun samu tsohon!" in ji Dale, na kusa da ni a sahunmu na Faransawa masu fararen riguna. "Gus, kai ka harbe shi, giyar yau a kaina take."

Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Da safe Lorraine matar Orrin ta tare ni a bakin shinge ta ce, "Ya ƙi shan maganin zuciyarsa, wai jiri yake sa shi. Don Allah ka sa masa ido." Kuma na san masu mutuwar wasa sarai: inuwa suke nema, su kwanta a hankali su rufe fuska da hula. Orrin rub da ciki ya faɗi a tsakiyar rana, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashinsa.

Na yar da bindiga na ruga.

"Gus! Koma sahu, sun ɗura!" Dale ya ƙwala mini kira.

Ko babu harsashi, albarushi a kusa yana ƙone fuska, ga masu jajayen riguna sun ɗaga bindigogi suna saitina. 'Yan kallo kuwa sai tafi suke, a zatonsu sabon salo aka ƙara bana. Haushinsu ya kama ni kamar in yi kuka.

"Likita! Ba wasa ba ne!"

Ganga ta danne muryata. Wani ya saki wuta, na ji zafi a kumatuna, ban tsaya ba. Sai da suka ga na durƙusa ina yage maɓallan rigar Orrin sannan gangar ta yi shiru.

Na juyo shi, na riƙe hannunsa. Fuskarsa ta yi fari fat, leɓɓansa na motsi.

"Kai ne, Bafaranshen banza?"

"Ni ne. Yi shiru, likita na zuwa."

"Ka gaya musu... tuntuɓe na yi. Ba harbi ba ne."

"Zan gaya musu, Orrin."

Lorraine ta tsallako igiyar 'yan kallo, tana tattare doguwar rigarta ta zamanin da. Kafin ta iso, hannunsa ya saki nawa, ya cika.

Matattun wasa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, masu jajayen riguna da masu farare, suna cire huluna. Ba wanda ya karkaɗe jikinsa.

Da yamma na leƙa ta tagar ɗakin girkina. Lorraine na zaune a barandarsu, jar rigar a kan cinyarta, tana tsince ciyawar da ta maƙale a ƙirjinta.