Katangar da Misis Tibbet ta Nema

Misis Marjorie Tibbet tana tsaye a gaban kabad tana neman kofin da ba za ta yi baƙin cikin jefar da shi ba. Ta wuce waɗanda ta gada daga surukarta, ta wuce na ranar Lahadi, sannan ta zaro wani mai ɗan tsaga a baki. Shi za ta ba baƙuwar da take jira.

"Desmond, ɗauke jakata daga kan kujera. Ka kuma kulle ɗakin sama."

"Shayi matar nan za ta sha, Marjorie, ba kwashe gidan za ta yi ba," in ji mijinta daga bayan jarida.

Tun da ƙaramar hukuma ta sanar cewa za ta ba wasu iyalan Romani, ƙabilar da ta saba yawo gari-gari, filin da ke bayan gidajen su kafa ɗakunansu masu taya, mutanen ƙauyen Cawby suka gano cewa suna ƙaunar kwaɗi. Filin da suka daɗe suna jibge tsofaffin katifu a cikinsa ya zama mazaunin wani kwaɗo mai daraja. Lauya ya gargaɗe su kada su ambaci sunan mutanen, su tsaya a kan kwaɗi da magudanar ruwa. Sai dai ranar da mai binciken kwaɗi ya zo, kwaɗin suka ƙi fitowa.

Dabara ɗaya ta rage, kuma Misis Tibbet, shugabar kwamitin mazauna, ita za ta gabatar da ita a zaman majalisa da yammar nan. Za ta nemi a kewaye filin da katanga wadda ta fi tsayin mutum. Kowa ya tabbata babu wanda zai yarda a killace shi kamar fursuna. Su da kansu za su ƙi filin, Cawby kuma ta fita da mutuncinta. Amma don kada a ce ƙiyayya ce, tana bukatar ta faɗa a gaban jama'a cewa ɗaya daga cikinsu ta sha shayi a gidanta.

Misis Levina Ayres ta iso a kan lokaci, dattijuwa mai 'yan kunnen zinariya. A bakin ƙofa ta sunkuya za ta cire takalmi, ta dubi gashin kare da ya lulluɓe kafet, ta miƙe da takalminta a ƙafa.

A ɗakin girki, Bramble, karen gidan, yana lasar faranti a ƙasa. Misis Tibbet ta ɗauke farantin tana yi masa faɗan wasa, ta ɗauraye shi a wurin wanke-wanke, inda safar Desmond take jiƙe tun safe. Ta goge shi da tawul ɗin da ke kafaɗarta, ta ɗora yankan kek a kai. A daidai lokacin aka ji an saki ruwan banɗaki a bayan ƙofar da ke kusa da firiji, Desmond ya fito yana gyara bel.

"Madara da sukari?" in ji Misis Tibbet, tana tura kofin mai tsaga.

"Na gode, baiwar Allah. Na sha kafin in fito."

"Ko kurɓi ɗaya."

"Cikina ne ba ya so."

"Ai mu a nan ba ma ƙyamar kowa," in ji Misis Tibbet da murmushin da ta gwada a madubi. "Ki saki jiki, ki ɗauka gidanki ne."

Baƙuwar ta yi ajiyar zuciya. Ta buɗe jakarta ta fito da filas, da wani kofi mai bakin zinariya naɗe cikin farin ƙyalle.

"Jikata ce ta sako mini. Ta ce, 'Kaka, gidan masu zaman gini za ki, kada ki sa komai a baki.' Kada ki ji haushi. Mu kwanon wanke kofi daban, na tufafi daban, na jiki daban. Kofi in ya tsage, fasa shi muke yi. Kare kuwa iyakarsa waje." Ta saci kallon ƙofar da Desmond ya fito. "Shi ma wancan wurin, waje. Amma ba laifinku ba ne. Haka aka tashe ku."

Desmond ya yi tari har sai da ya dafa tebur.

Da yamma zauren taron ya cika, wasu sun maƙala hoton kwaɗo a ƙirji. Misis Tibbet ta miƙe ta ce babu wanda ya kai mutanen Cawby son baƙi, shaida kuwa, yau ɗin nan Misis Ayres ta sha shayi a gidanta.

"Nawa na sha," in ji wata murya daga kujerun baya.

Aka yi 'yar dariya. Misis Tibbet ta yi kamar ba ta ji ba, ta karanto bukatar katanga a natse, ta zauna tana jiran ɓacin rai.

Shugaban zaman ya juya ga Misis Ayres, yana mai jin kunyar tambayarta ko za su yarda da katangar. Dattijuwar ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, Allah ya saka wa matar nan. Tun farko katanga muka roƙa, aka ce sai maƙwabta sun yarda, mu kuma muka ji nauyin tambayarsu. Muna da ƙananan yara, ba komai ne ya kamata su gani ba. In da hali, a ƙara mata tsawo ta ɓangaren gidan mai kare."

Shugaban ya ce a duk shekarunsa a kujerar bai taɓa ganin ɓangarori biyu sun daidaita da wuri haka ba. Aka ɗaga hannu, aka amince da filin tare da katangarsa.

A mota, da suka shigo layinsu, Misis Tibbet ta juya ga mijinta.

"Desmond, me take nufi da abin da bai kamata yara su gani ba?"

"Watakila kwaɗi."

Ta hau sama ta buɗe ɗakin da aka kulle. Ashe sai daga baya Desmond ya kulle shi, da Bramble a ciki, ga shi nan miƙe a kan matashin kanta. Ta tagar tana hango filin, da katifun, da wurin da za a haƙa harsashi. Ba za a gama ginin ba sai bazara. Ta ja labule, ta duba da kyau ko akwai inda ya bar kafa.